Yadda Miliwat 200 Ke Tsallake Teku a Rediyon Sha'awa

Ƙaramin ƙwan tocila ya fi cin wuta a kan na'urorin da wasu 'yan rediyon sha'awa ke tura sigina da su daga wata nahiya zuwa wata. Miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya, da waya guda da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu, sun isa a ji mutum a nisan kilomita dubu biyar ko fiye idan sama ta buɗe, wato iskar can sama tana dawo da sigina ƙasa. Masu wannan harka suna kiranta QRP, daga tsofaffin alamomin masu buga Mos, wato saƙon gajeru da dogayen sautuka, inda haruffan uku ke nufin "rage ƙarfi". Abin da aka saba ɗauka a matsayin QRP shi ne wat 5 zuwa ƙasa a Mos, ko wat 10 a murya. Wanda ya sauko ƙasa da wat ɗaya kuwa ya shiga abin da ake kira QRPp. Harkar tana da ƙungiyoyinta tun da daɗewa: QRP ARCI a Amurka tun 1961, sai G-QRP Club da George Dobbs ya kafa a Ingila a 1974.

Babu siddabaru a ciki. Nisan da ba a saya da wuta ba, da wani abu aka biya shi: da lokaci, da tsayuwar firikwensi, da eriya mai kyau, da sanin lokacin da sama ke karɓar saƙo.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Rediyon da ke can nesa bai san wat nawa ka kunna ba. Abin da ya sani kawai shi ne yadda siginarka ta tsaya idan aka gwada ta da hayaniyar da ke kewaye da ita, wannan "shuuu" da ake ji tsakanin tashoshi. Ana auna wannan da desibel. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 ne, sau goma desibel 10, sau ɗari desibel 20. Saboda haka tsakanin mai wat 100 da mai wat 5 desibel 13 ne kacal. A ma'aunin S da ke fuskar rediyo, inda kowane mataki yake desibel 6, wannan mataki biyu ne da ɗan ɗoriya. Idan ana jin mai wat 100 a S8, za a ji mai wat 5 a kusan S6, kuma S6 sigina ce da ake fahimta sarai. Matsalar tana tasowa ne kawai idan shi ma mai wat 100 ɗin da ƙyar ake jin sa.

To, ta ina ake rama abin da aka rasa? Ta wajen hayaniya. Hayaniya a baje take a kan dukkan firikwensi, don haka yawan wadda ke shiga rediyo ya dogara da faɗin ƙofar da aka buɗe. Ka rage faɗin da rabi, hayaniya ta ragu da desibel 3, sigina kuwa tana nan yadda take muddin ta isa shiga ta ƙofar. Murya tana buƙatar faɗin haz (ma'aunin firikwensi) 2,500 ko kusa da haka, kuma sai ta ɗara hayaniya da kimanin desibel 10 kafin a yi hira cikin sauƙi. Mos ya fi ta siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa gwanin kunne ke iya tsamo shi ko da hayaniyar wannan faɗi na haz 2,500 ta fi shi ƙarfi sau goma ko fiye. Tsarin FT8 na tura saƙo ta kwamfuta, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, yana sauka zuwa kusan desibel −21, wato 21 ƙasa da hayaniyar. WSPR, wani tsarin na kwamfuta da shi Taylor ɗin ya fitar a 2008, yana kaiwa −28, sababbin manhajoji ma suna taɓa −31.

Daga +10 zuwa −28 desibel 38 ne, wato ninki sama da 6,000. Hanyar da mai murya zai bi da wat 100, mai WSPR zai bi ta da kimanin miliwat 16. Amma kada a ruɗu da jin cewa sigina tana "ƙarƙashin hayaniya". An auna −28 ɗin ne da faɗin haz 2,500, alhali kwamfuta tana leƙen kowane sauti ta ƙofar da ba ta kai haz ɗaya da rabi ba. Bambancin faɗin nan biyu desibel 32 ne, saboda haka a cikin 'yar siririyar ƙofarta siginar tana sama da hayaniya da kusan desibel 4. Kuɗin da aka biya shi ne gudu: siririyar sigina ba ta iya magana da sauri.

Abin da WSPR ke faɗa cikin minti biyu

Taylor masanin kimiyyar taurari ne, ya samu kyautar Nobel a 1993, kuma ya saba da tono sigina daga cikin hayaniyar sararin samaniya. Saƙon da ya tsara bit 50 ne kawai: 28 na alamar kiran tasha, 15 na wurin da take, 7 na ƙarfin da ta watsa. Wurin ana rubuta shi da haruffa biyu da lamba biyu, kamar FN42, kowane murabba'i yana da faɗin digiri 2 daga gabas zuwa yamma da digiri 1 daga kudu zuwa arewa. Ana faɗaɗa bit 50 ɗin da lissafin gyaran kuskure su zama 162, ta yadda ko da wani ɓangare ya nutse a hanya za a iya dawo da saƙon. Kowace alama cikin 162 tana ɗaukar sakan 0.683, ana tura ta da ɗaya daga cikin sautuka huɗu da ke da tazarar haz 1.4648 a tsakaninsu. Jimilla sakan 110.6, a faɗin kusan haz 6.

Ana fara watsawa sakan ɗaya bayan shigar minti mai cika, wato 00, 02, 04 da sauransu. Kowane zango, wato rukunin firikwensi da ake kira da tsawon igiyarsa a mita, yana da taga mai faɗin haz 200. A zangon mita 30 ana saita rediyo a kan megahaz 10.1387 a salon karɓar murya da ake kira USB, siginonin su faɗo tsakanin haz 1,400 da 1,600 a sama da nan, wato daga 10.140100 zuwa 10.140300. A mita 20 saitin 14.0956 ne, a mita 40 kuma 7.0386. Duk tashar da ta ji ka tana tura rahoto ta intanet zuwa rumbun WSPRnet: lokaci, firikwensi, ƙarfin sigina a kan hayaniya, yawan zamewar firikwensi, da nisa. Al'ada ita ce a watsa sau ɗaya cikin biyar, wato kowane minti goma, don a bar wa wasu fili. Wanda ke watsawa kowane zagaye ba ƙarin ilimi yake samu ba, cunkoso yake ƙarawa.

Kafin WSPR akwai QRSS, kuma har yanzu yana da masoyansa. Mos ne da aka ja shi ya yi tsawo: a QRSS3 ɗigo ɗaya sakan uku ne, kalma guda ta kan ci minti biyu da rabi. Ba a jin sa da kunne, ana ganin sa ne a allo da manhaja irin su Argo ko Spectrum Lab, siririn layi fari yana hawa yana sauka da haz huɗu ko biyar a cikin yayyafin hayaniya. Idon mutum gwani ne wajen gane siffa, kuma hoton yana nuna abin da lamba ba ta nunawa: inda sigina ta rabu biyu saboda ta bi hanya biyu, ko inda ta baje kamar hazo.

Wannan bajewar ce iyakar dabarar. Rufin sama da ke dawo da sigina ba a tsaye yake ba, motsi yake yi, motsin kuma yana shafe firikwensi da wani ɓangare na haz, wani lokaci da haz da yawa a hanyoyin da suka ratsa ta kusa da ƙuryar arewa ko ta kudu ta duniya. Idan bajewar ta fi faɗin ƙofarka, ƙara jinkiri ba ya ƙara komai. Shi ya sa tsare-tsare masu tsananin jinkiri, irin FST4W mai zagayen minti 30 da ke sauka kusan −45, suka fi dacewa da dogayen zanguna na mita 630 da 2,200, inda sama ta fi natsuwa.

Sama da lokutanta

Hasken rana ne ke cajin iskar da ke can sama ta zama madubin rediyo. Shimfiɗar D, tsakanin kilomita 60 da 90, ba ta dawo da sigina, shanye ta take yi, kuma ta fi cin ƙananan firikwensi. Da rana ta faɗi sai ta watse. Shimfiɗar F2, kimanin kilomita 250 zuwa 400, ita ce mai aikin nisa: tsalle ɗaya a kanta yana iya kai kilomita 4,000, daga nan sigina ta bugi ƙasa ko teku ta sake tashi. Ruwan gishiri yana mayar da sigina da kyau fiye da busasshiyar ƙasa, shi ya sa hanyar da ta bi ta kan teku ta fi sauƙi.

A aikace: mita 40 na dare ne, mita 20 na rana da yamma, mita 15 da 10 suna buɗewa sosai a shekarun da tabon rana ya yi yawa cikin zagayensa na kusan shekara 11. Ga mai farawa, mita 30 ya fi kowanne. Siririn zango ne daga megahaz 10.100 zuwa 10.150 da aka ba 'yan sha'awa a taron rediyo na duniya da aka yi a Janiba a 1979, ba a gasa a cikinsa, kuma yakan yi aiki dare da rana. A kula da kusan rabin awa kafin da bayan fitowar rana da faɗuwarta, lokacin da D ta yi rauni amma F na da sauran caji. Sau da yawa rahoto mafi nisa na yini a nan yake fitowa. Idan kuma ma'aunin K na hargitsin maganaɗisun duniya ya kai 5 ko ya wuce, rahotanni na iya ɗaukewa ɗif ba tare da na'urarka ta yi laifin komai ba.

Haɗa na'urar

Sai da lasisi da alamar kira ake watsawa, komai ƙanƙantar ƙarfi, kuma dokar barin na'ura tana aiki ba kowa a kusa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan a fara warware shi.

Mafi sauƙin gini yana da sassa huɗu: ƙaramar kwamfuta irin Arduino, guntun Si5351A mai samar da firikwensi, tiransisto mai ƙara ƙarfi, da matata, wato sashen da ke tace sigina. Si5351A yana aiki da kiristal na megahaz 25 ko 27, yana karɓar umarni ta wayoyi biyu na I2C, yana fitar da kimanin miliwat 10. Wannan kaɗai ya isa a ji ka. 'Yan balan-balan da ke shawagi a tsayin kilomita 12 suna zagaya duniya da miliwat 10 zuwa 20 ne suke watsa siginarsu. Don kaiwa miliwat 200 ana ƙara tiransisto BS170 guda ɗaya: sigina ta shiga ƙafar get ta kafasita 100 nF, ƙafar diren ta sha bolt 5 ta cikin koyil mai zagaye 25 a kan zoben FT37-43, wata kafasita 100 nF ta kai fitarwa zuwa matata. Get yana buƙatar ɗan bolt na tsaye daga risisto mai juyawa. A fara daga sifili ba tare da sigina ba, a riƙa juyawa a hankali ana kallon ma'aunin wutar da na'urar ke ja, da zarar ya fara hawa a tsaya, a ɗan koma baya. Wanda ya zarce don kwaɗayin ƙarin miliwat zai ga tiransiston ya yi zafi, zafin ya sa shi ƙara jan wuta, har ya ƙone. A tuna WSPR ba ya hutawa: sakan 110 ne a cikakken ƙarfi, ba kamar Mos ko murya ba.

Matata ba ado ba ce. Abin da ke fita daga Si5351A sigina ce mai gefe a tsaye, irin ta kunna-kashe, kuma irin wannan tana ɗauke da ninkin firikwensinta. Ninki na uku yana ƙasa da uwar da desibel 9.5 kawai. Mai watsawa a megahaz 10.14 ba matata yana kuma watsawa a 30.4, wajen da ba nasa ba. Dokar Amurka, misali, tana so irin wannan ya sauka da aƙalla desibel 43. Tsarin da aka fi amfani da shi mai sassa bakwai ne, koyil uku a jere da kafasita huɗu zuwa ƙasa. Na mita 30: kafasita 270, 560, 560 da 270 pF, koyil a kan zobba T37-6 masu launin rawaya da zagaye 19, 20 da 19. Na mita 20: 180, 390, 390 da 180 pF, da zagaye 16, 17 da 16. Kafasitocin su zama irin NP0 ko C0G. Masu arha na X7R da Y5V suna cin sigina kuma ƙimarsu tana sauyawa da zafi. Wajen naɗi, duk sanda waya ta ratsa ramin zobe zagaye ɗaya ke nan, har da na farko, kuma a baza naɗin ya rufe kusan kashi uku cikin huɗu na zoben.

Laifin da ya fi kowanne yawa a sabon gini a nan yake: fentin da ke jikin wayar koyil. Dalma takan zauna a kansa ta yi ƙyalli kamar ta kama, alhali ba ta taɓa tagullar ba. A kankare bakin wayar har jan ƙarfe ya fito, a shafa masa dalma kafin a saka, bayan liƙawa a gwada da mita daga mashigar matata zuwa mafitarta. Ya kamata ta nuna kusan om sifili.

Inda yawanci ake faɗuwa

Firikwensi na da matsala iri biyu, kuma ana yawan haɗa su. Ta farko kuskuren wuri. Kiristal na yau da kullum yana iya kaucewa da kashi 30 cikin miliyan, wanda a megahaz 10.14 ya zama haz 300. Tagar gaba ɗaya haz 200 ce. Na'ura tana aiki lafiya, eriya tana watsawa, amma siginar tana bayan katanga inda ba mai saurare. Maganinta awo: a saurari siginar da rediyon da aka amince da shi, ko a ƙirga ta da bugun sakan ɗaya da na'urar GPS ke bayarwa, a saka gyaran a cikin manhaja.

Ta biyu zamewa a lokacin watsawa, ita ce mai wahalar. Manhajar karɓa tana jure zamewar kusan haz 4 cikin minti biyun, kuma tun kafin a kai nan rahotanni sun fara raguwa. Haz 4 a mita 30 kashi 0.4 ne cikin miliyan. A mita 10 bai kai 0.15 ba. Ka hura wa kiristal iska da baki kana kallon allon karɓa, za ka ga layin ya karkace nan take. Zafin da ke damun sa kuwa daga cikin gida yake: da an fara watsawa, Si5351A da BS170 su ɗumama, ɗumin ya bi tagullar allo ya isa kiristal. A hoto siginar takan fara da lanƙwasa kamar ƙugiya a sakan talatin na farko sannan ta miƙe. Ana magance wannan ta hanyoyi da dama. A nisanta tiransiston da mai daidaita bolt daga kiristal. A rufe kiristal da ɗan soso ko kumfar roba don iska kada ta taɓa shi. A bar Si5351A yana aiki a wata mafita da ba a haɗa da komai ba tsakanin watsawa da watsawa, don zafinsa ya zauna wuri ɗaya. Mafi inganci, a cire kiristal a sa TCXO, wanda ke gyara kansa da zafi, mai kashi 0.5 cikin miliyan. Idan bolt ɗin da ke ciyar da guntun yana faɗuwa sa'ad da tiransisto ya fara ja, shi ma yana jawo zamewa, don haka a ba kowanne mai daidaita bolt nasa.

Akwai kura-kurai biyu na manhaja da ke kama da matsalar eriya. Wanda ya lissafa firikwensi da cikakkun haz zai mayar da tazarar 1.46, 2.93 da 4.39 ta koma 1, 3 da 4. Tashoshi na kusa za su iya karanta shi, na nesa ba za su iya ba. A yi lissafin da kashi ɗari na haz. Na biyu, sake tayar da PLL, sashen guntun da ke kulle firikwensi, a kowace alama yana yanka siginar sau 162, yana watsa ƙas-ƙas a kan maƙwabta. Sau ɗaya ake yin sa, a farkon watsawa.

Agogo kuma kada ya kauce fiye da sakan ɗaya ko biyu. GPS ko daidaita lokaci ta intanet sun wadatar. Agogon cikin Arduino shi kaɗai zai yi daidai yau, jibi ya fita.

Eriya

Wanda ke da miliwat 200 ba shi da abin zubarwa a hanya. Eriya mai hannu biyu, rabin tsawon zango, ita ce ma'auni: tsawonta a mita shi ne 143 a raba da firikwensi a megahaz. Mita 14.1 ke nan a zangon 30, mita 10.1 a zangon 20, a raba biyu a ciyar daga tsakiya. A yanke ta da ɗan saura, a riƙa naɗe bakin ana aunawa. Tsayinta daga ƙasa ya fi komai tasiri a kan nisa. A tsayin kwata na zango yawancin ƙarfin sama yake tafiya tsaye ya dawo kusa. A rabin zango, kusan mita 15 a zangon 30, yana fita a kusurwar digiri 30 da rabo mai kyau a ƙasa da haka, inda nisa yake. Ɗaga waya daga mita 5 zuwa 10 yakan ba da abin da ninka wuta sau biyu ko uku ba zai bayar ba.

Eriya ta tsaye mai kwata na zango tana harbi ƙasa-ƙasa, amma rabinta a cikin ƙasa yake. Juriyar watsawarta kimanin om 36 ce. Idan asarar ƙasa ma ta kai haka, rabin wutar dumama turɓaya take yi. Wayoyi 16 ko fiye da aka shimfiɗa daga gindinta suna rage wannan sosai. Kebul ma yana da nasa rabo: a mita 30 na tsawo a megahaz 10, siririn RG-174 yana cinye kusan rabin ƙarfin, RG-58 desibel ɗaya da ɗoriya, RG-213 kusan rabin hakan. A wurin da kebul ya haɗu da eriya a naɗa shi zagaye 10 zuwa 12 a kan zoben FT240-43 ko FT240-31, don kada bayan kebul ɗin ya zama eriya ta biyu, yana dawo da sigina cikin ɗaki yana kuma kwaso hayaniyar caja da fitilun LED.

SWR awo ne na ƙarfin da eriya ke mayarwa baya, kuma mutane suna ɓata kwanaki suna farautar na 1:1. A 2:1 abin da ke dawowa kashi 11 ne cikin ɗari, rabin desibel. Risisto mai om 50 yana ba da 1:1 cif, kuma ba ya watsa komai.

Karanta sakamako ba tare da yaudarar kai ba

Gwajin ba shi da daraja idan ƙarfin da aka rubuta a saƙo zato ne. A haɗa lodin gwaji na om 50, risisto biyu masu om 100 a gefe da gefe sun isa ga miliwat 200, a auna bayan matata, ba kafinta ba, domin kafinta ana ƙirga har da ninke-ninken da za a zubar. Da osiloskof, a ɗauki bolt daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, a ninka shi da kansa, a raba da 400. Bolt 8.9 miliwat 200 ne. Bolt 2 miliwat 10. WSPR yana karɓar ƙarfi a ma'aunin dBm da lambobi masu ƙarewa da 0, 3 ko 7: 10 shi ne miliwat 10, 23 miliwat 200, 30 wat ɗaya, 37 wat biyar. A zaɓi mafi kusa da gaskiya, saboda wasu suna amfani da rumbun wajen nazarin yanayin sama.

Rahoto ɗaya yana faɗin abubuwa da yawa. A ce wata tasha mai nisan kilomita 6,000 ta ji miliwat 200 ɗinka a −15. Tsakanin nan da −28 akwai rarar desibel 13, saboda haka da miliwat 10 ma da ta ji ka, da ƙyar. FT8 zai bi hanyar da kusan miliwat 50. Murya, mai son +10, tana buƙatar ƙarin desibel 25, wato sama da wat 60. Sai dai lambar ta haɗa da hayaniyar gidan mai karɓa: tashoshi biyu a gari ɗaya na iya bambanta da desibel 15 saboda ɗaya tana kusa da injin canza wutar sola. Kuma sama kanta tana hawa da sauka da desibel 10 cikin 'yan mintuna. Don haka wanda ke gwada eriya biyu ba zai kunna ɗaya yau ɗaya gobe ba. Ya riƙa sauya su zagaye bayan zagaye, ya kwatanta rahotannin tasha ɗaya a zagaye masu maƙwabtaka, ya tara ɗaruruwa, ya ɗauki na tsakiya. Rahoto tilo daga wuri mai nisan gaske, wanda bai sake maimaituwa ba, a ajiye shi a gefe. Manhaja takan yi kuskuren karatu jefi-jefi.

Idan awa biyu suka wuce ba rahoto ko ɗaya, a bi abin daki-daki, daga mai sauƙi: agogo, sannan firikwensi, sannan tsarin saƙo, domin alamar kira mai ƙari ko wuri mai haruffa shida suna buƙatar wani salon saƙo dabam. Bayan haka a karɓi siginar da rediyon gida a kan lodin gwaji a ga ko manhajar karɓa, WSJT-X, za ta karanta ta. Sai ta wuce wannan ake zargin eriya.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne saukowa mataki-mataki har rahotanni su ƙare. Don rage ƙarfi ana sa marage na risisto uku tsakanin matata da eriya. Na desibel 10: om 96 zuwa ƙasa a kowane gefe, om 71 a tsakiya, kuma 100 da 68 sun yi kusa. Na desibel 20: om 61 a gefuna, 247 a tsakiya. Daga miliwat 200, marage na 20 ya kai ka miliwat 2, biyu a jere su kai ka mikrowat 20. Daga nan ne lissafin mil nawa a kowane wat ke kumbura: QRP ARCI tana ba da shaida a kan mil 1,000 a wat ɗaya, abin da miliwat 2 ke ninkawa sau ɗaruruwa a tsalle guda.

A wannan mataki ne yoyo ke shigowa. Bayan an rage desibel 40, siginar da ke tsallake marage ta iska, ko ta bi wayar wuta da ta GPS ta hau bayan kebul, tana iya fin wadda ta bi ta cikinsa, sai mutum ya rubuta mikrowat 20 alhali ninkinsa da yawa ne ya isa eriya. Kowane marage ya zauna a cikin nasa akwatin ƙarfe, na'urar ma a rufe ta, a ciyar da ita da batir a cikin akwatin in zai yiwu. Sannan a yi gwajin tabbatarwa: a cire marage, a toshe mafitar na'ura da lodin om 50, a bar kebul ɗin eriya a kwance inda yake ba a haɗa ba, a watsa na tsawon awanni a lokacin da zangon ke buɗe. Idan wata tasha ta kawo rahoto a haka, lambobin da aka tara a ƙasa da miliwat ɗaya sai an sake su bayan an toshe yoyon.